Kowa Ya Sari Nasa, Daji Ya Ƙare: Wa Ke Da Alhaki?

  

'Yan uwa, rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Zan fara shi da wata fatawa da na bayar da bakina, wadda har yau ban ce kuskure ce ba, amma ta hana ni barci a makon da ya wuce.

Shekara 12 ke nan ko fiye, mun tashi karatu tsakanin Magariba da Isha'i a nan Birnin Kebbi, sai wani dattijo daga wani ƙauyen tudu a gefen hanyar Argungu ya tsaya har kowa ya watse. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da saura wadda nig gada ga mahaihina. Akwai icce cikinta, kirya da marke da ɗorawa biyu. Masu gawayi sun taya. Ɗiyata za a yi ma arme, kuma ba ni da komi. In na sayar, akwai laihi?" Na tambaye shi ko gonar tasa ce shi kaɗai, ya ce i. Akwai haƙƙin maraya a ciki? Ya ce babu. Hurumin gari ce ko burtali? Ya ce a'a. Na ce masa, "Baba, dukiyarka ce, cinikin halal ne, Allah ya sanya albarka a auren." Zancen duka bai kai minti uku ba.

Makon jiya na je ta'aziyya ƙauyen nasu. Bayan an shafa addu'a, dattijon nan, wanda yanzu sai da sanda, ya kama hannuna ya ce in raka shi bayan gari. Muka tsaya a kan gonar. Rabinta ta koma fako, ƙasa ta daskare kamar daɓe, sai tumfafiya jefi-jefi da 'yan sabara. Ruwa ya yanka kwari ta tsakiya ya nufi fadama. Daga inda muke tsaye ina hango kwanon gidajen ƙauyen da ke gaba, alhali ya ce a da sai ka ratsa duhuwa kafin ka gan shi.

Ya ce, "Malam, ban kawo ka nan don in ce ka yi ƙarya ba. Halal kac ce, kuma halal na. Maƙwabcina ma ya tambayi nashi malami, anka ce mai halal na. Kowa halal yac ci. To wa yac ci dajin?"

Wallahi ban ba shi amsa a wurin ba. Na ce masa, Baba, ka ba ni kwanaki. Wannan rubutu shi ne amsar da na iya haɗawa.

MENE NE SAURA?

Yaran birni da yawa ba su san wannan kalma da wannan ma'ana ba, don haka bari in yi bayani. Kakanninmu a ƙasar tudu ba sa noma gona guda har abada. Mutum zai shiga daji da gatari da adda ya yi sassabe, ya tara rassa ya sa wuta, tokar ta zama taki. Ya noma gero da dawa da wake shekara huɗu ko biyar. Da ya ga dami ya fara raguwa, wuta-wuta ta fara bayyana a gindin dawa, sai ya san ƙasa ta gaji. Ya bar ta, ya koma wani yanki. Wannan gona da aka bari ta huta ita ce saura. Takan yi shekara goma ko fiye ba a taɓa ta ba, wani ma sai ɗansa ne zai dawo mata.

Abin lura shi ne yadda suke yin sassaben. Ba sa tone kututture, a gwiwa ko a ƙugu suke sarewa, saiwa tana nan da ranta a ƙasa. Kuma akwai itatuwan da gatari ba ya hawa kansu: ɗorawa saboda kalwa da daddawa, kaɗanya saboda man kaɗe, kuka saboda miya, tsamiya, kanya, ɗinya, aduwa, gawo. Da an juya baya, kututturan nan su yi toho, tsuntsaye da dabbobi su kawo iri daga dajin da ke kewaye, shanun Fulani su kwana a ciki su bar taki, ganye ya zuba ya ruɓe, gara ta shigar da shi ƙasa. Bayan shekaru ka dawo ka iske daji ya rufe, ƙasa ta yi baƙi.

A cikin shekarun nan saura ba zaman banza take yi ba. Daga nan mata ke samo itacen girki, daga nan ake yanko gamba a yi zana, mai magani ya samo sassaƙe da saiwa, maƙeri ya samo kirya, yara su ci kanya da magarya, makiyayi ya sami inda zai ratse da damina ba tare da ya shiga shukar kowa ba. Mai gonar mutum ɗaya ne, masu cin moriyar hutunta kuwa gari ne guda.

Wannan tsari yana da sharaɗi ɗaya: ƙasa ta fi mutane yawa. Sharaɗin nan ne ya kau. A ƙidayar 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi, mutanen jihar sun ɗan haura miliyan 2. A ƙidayar 2006 sun haura miliyan 3, yau kuwa kowa na ganin yadda Birnin Kebbi ta miƙe ta hanyar Kalgo da ta Ambursa da ta Jega. Gonar da mutum ɗaya ya bari, 'ya'ya takwas suka raba, kowa ya sami abin da ba zai iya barin ko taƙi ɗaya ya huta ba. Hutun shekara goma ya koma uku, uku ya koma babu. Farin 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa masu yawa, suka kuma tura mutane sayar da itace don su ci abinci. Sannan garmar tarakta ta zo, ita kuwa ba ta shiri da kututture, sai an tone shi.

DAJIN DA YA DAWO BA SHI NE YA TAFI BA

Wani zai ce, ai Malam in an bar gona ko yanzu tana yin kore. Gaskiya ne, amma ka shiga cikin koren ka duba me ya fito. Kirya da marke da maɗaci suna buƙatar shekaru masu yawa kafin su girma su yi 'ya'ya. In ana sare su duk bayan shekara uku, kututturen zai yi toho sau ɗaya, sau biyu, daga nan ƙarfinsa ya ƙare ya mutu. In kuma uwayen itatuwan da ke ba da iri sun tafi buhun gawayi, to babu inda sabon tsiro zai fito. Abin da ke jure sara da wuta da baƙin akuya shi ke saura: sabara, kalgo, geza, sai tumfafiya a inda ƙasa ta gama lalacewa. Su ma halittar Allah ne, suna da amfaninsu, amma ba a yin daddawa da sabara, kuma ba a sassaƙa turmi da tumfafiya.

Duk lokacin da na ga irin wannan nakan tuna ƙissar mutanen Saba'i a cikin Suratu Saba'i, daga aya ta 15. Allah ya ba mu labarin mutanen da ke da gonaki biyu masu ni'ima, suka juya baya ga godiya, ambaliya ta zo musu. Abin da ke ba ni tsoro a ƙissar shi ne ba a bar su a kan rairayi tsirara ba. An musanya musu gonakin da wasu, masu ɗacin 'ya'ya da itacen da ba ya ciyarwa da 'yar magarya kaɗan. Ban ce abin da ya sami tudunmu azaba ce a kan wani ƙauye ko wani mutum ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da nake cewa, ni'ima takan gushe ta hanyar musanya, a hankali, har mutane su saba, yaron da aka haifa yau ya ɗauka haka bayan garinsu yake tun fil azal.

Kuma ba mu kaɗai abin ya sama ba. A ƙasashen tsaunuka na arewa maso gabashin Indiya, da Lawos, da Biyetnam, da tsibiran Indonesiya, akwai al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna irin wannan noma na sassabe da ƙona da barin gona ta huta, galibi shinkafar tudu suke shukawa. Muddin hutun ya yi tsawo, dajin yakan dawo. Da hutun ya gajarta zuwa 'yan shekaru, sai gora da ciyawa suka maye gurbin manyan itatuwa, musamman tofa, wannan dai tofar da muka sani, wadda in ta kama wuri wuta ma ƙara mata ƙarfi take yi. Akwai darasi na biyu daga can. An daɗe ana ɗora laifin ƙarewar daji a kan ƙananan manoman nan, alhali a wurare da yawa manyan gonakin kwakwar manja da na roba da kamfanonin katako ne suka cinye filin, suka matse talaka a ɗan abin da ya rage, shi ya sa ya kasa barin gonarsa ta huta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

ME FIƘIHU YA CE?

Kada wani ya fita daga wannan shafi ya ce Malam ya haramta sare itace. Ban haramta ba, kuma ba ni da ikon haramtawa. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa lokacin da za a gina masallacin Annabi (SAW) a Madina akwai dabinai a filin, aka sare su aka yi amfani da su a ginin. Ya tabbata kuma cewa Annabi (SAW) ya fifita wanda zai ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan wanda zai tsaya yana roƙon mutane. Saboda haka mai kai itace kasuwa sana'ar mutunci yake yi.

Har ma fiye da haka. A babin raya matacciyar ƙasa, wanda duk ɗalibin da ya karanta Mukhtasar na Shaihu Khalil ya sani, malaman Malikiyya sun lissafa hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta kowa ba: fito da ruwa, gini, dasa itace, noma, fasa duwatsu da daidaita wuri, kuma a cikinsu har da sare itatuwan wurin. Wato sassabe a shari'a sunansa rayawa. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Gwandu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya rubuta littafi sukutum a kan dalilan mallakar matacciyar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi.

To amma wanda ya karanta babin nan ya tsaya a kan sare itace, rabi ya karanta. Malaman nan sun ce kowane gari yana da hurumi, kuma suka bayyana shi da wurin yin itace da wurin kiwo da mutanen garin za su iya zuwa da safe su dawo da yamma. Wannan ba matacciyar ƙasa ba ce, ba wanda zai keɓe ta ga kansa. Sun ce ƙasar da ke kusa da gari ba a raya ta sai da izinin shugaba, saboda a duba ko akwai cutarwa ga jama'a. Sun ce shugaba yana da ikon keɓe wani yanki saboda maslahar jama'a, abin da ake kira hima, kamar yadda Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Hadisi ya zo a Sunanu Abi Dawud cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma wasu malamai sun shigar da itacen dajin da ba na kowa ba a cikin ma'anar wutar. A nan ma hadisin gargaɗi mai tsanani a kan sare magarya yake, wanda Abu Dawud da kansa ya fassara da magaryar da ke dokar daji, matafiya da dabbobi na shan inuwarta, wani ya sare ta don wasa da zalunci. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya, a fagen yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba.

Me ya sa aka kira sassabe rayawa? Saboda a lokacin daji ya yi yawa, gona ta yi kaɗan, wanda ya sare ya shuka ya ƙara wa mutane abinci bai rage musu komai ba. Sunan yana bin amfanin da aka samar. Yau a tudun Argungu ko na Gwandu, wanda ya tone kututturen ƙarshe a kan gangare har ruwa ya kwashe ƙasar ya bar fako, da wane baki za mu ce ya raya ta? Aikin hannun iri ɗaya ne da na kakansa, gatarin ma watakila shi ne, amma abin da ya haifar ya juye. Ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa, wadda yaran Islamiyya ke haddacewa a Arba'una Hadisi, ita ke hukunci a nan.

WA YA CI DAJIN?

Ga inda tambayar dattijon ta yi wuya. In mutum ɗaya ya sare kirya uku a gonarsa, ba wanda zai iya nuna cutar da ya yi. Iska ba ta ƙaru saboda shi ba, gulbi bai cike da yashi saboda shi ba. In ka kai shi gaban alƙali, ba ka da hujja. Haka na biyu, haka na ɗari. Amma da aka haɗa su, ƙauye ya rasa itace, mata na tafiyar rabin yini ko su koma ƙona kara da kashin shanu, wanda da shi ne takin gonar. Yashin tudu ya gangaro ya binne bakin fadama. Makiyayi ya rasa inda zai ratse ya faɗa gonar mutane, aka zare takobi. Cutar ga ta a fili, mai ita kuwa ba ya nunuwa da yatsa ɗaya.

Annabi (SAW) ya buga mana misalin da ya dace da wannan a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke Bukhari: mutanen da suka yi ƙuri'a a kan jirgin ruwa, wasu suka sami sama wasu ƙasa, na ƙasan suka yi shawarar huda nasu rabon don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. Mu mutanen bakin gulbi ba sai an yi mana dogon sharhi ba, duk wanda ya taɓa shiga jirgi a Matan Fada ko ya haye zuwa fadama da damina ya san abin da ƙaramar huda ke yi. Ku lura da abu biyu. Masu hudar ba mugaye ba ne, niyyarsu ma kyakkyawa ce, kuma rabonsu ne. Sannan tsira ko halaka an rataya ta ne a kan ko na saman za su riƙe hannunsu.

To su wa ke sama a jirginmu? Da na dawo daga ƙauyen nan na shiga madafin gidana, na iske buhun gawayi biyu a jingine. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka tashi, gas ya fi ƙarfin gidaje da yawa, kananzir kuwa an daɗe da mantawa da shi, mu ma muka koma gawayi. Na tsaya ina kallon buhunan nan, na ce watakila kiryar wani dattijon ce. Shi ya sayar sau ɗaya saboda auren ɗiyarsa, ni kuwa ina saye duk wata. Kullum muna ganin motoci shaƙe da itace da gawayi suna shigowa gari, mu ce kai, mutanen ƙauye sun gama da daji. Motar nan ƙofar gidan wa za ta tsaya? Gidajenmu, da gidajen burodi, da masu tsire, da masu dafa shinkafar sayarwa.

Akwai kuma mai kuɗin da zai sayi fili mai faɗin gaske ya sa katafila ta tumɓuke komai cikin mako guda, abin da ƙauye ba zai sare a shekara ashirin ba, har da burtalin da ya ratsa ciki. Akwai wanda ya sa hannu aka ba shi filin. Akwai wanda aka ɗora wa tsaron gandun daji ya mayar da shi wurin karɓar na goro. Akwai mu malamai, da muke amsa tambayar mutum ɗaya kamar shi kaɗai ne a duniya. Allah ya faɗa mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa daga aikin hannuwan mutane take, kuma ya ambaci mutane ne a jam'i.

Amsata ke nan ga dattijon: alhakin yana kanmu duka, amma ba daidai wa daida ba. Yana nauyi gwargwadon zaɓin da mutum ke da shi. Wanda yunwa ta tura, ba shi da wata hanya, nasa ya fi sauƙi, kuma ina fata Allah ya yafe masa. Wanda ke da hali ya sauya bai sauya ba, nasa ya fi. Wanda ke da iko ya tsara ya hana ya yi shiru, ko ya ci riba a ciki, nasa ya fi na kowa. Haka Sayyidina Umar ya fahimci abin. Da ya ɗora bawansa Hunayyu a kan hima, ya umarce shi ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya tsare dabbobin manyan mawadata irin su Ibnu Aufin da Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabinai, talaka kuwa ba shi da inda zai koma. Mu yau mun juya abin: a kama mai jaki da kaya ɗaya, a ɗaga wa mai tirela hannu.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa. Wani zai ce, Malam, mutane na fama da yunwa kana zancen itace. Ɗan'uwana, zancen abinci nake yi. Gonar dattijon nan da ta koma fako, gero ne ya ɓace a cikinta. Wani zai ce ai daji ya zama maɓoyar 'yan bindiga, gara a share shi, kuma mutanenmu na ƙasar Zuru sun ga abin da ba a faɗa, Allah ya kawo musu ɗauki. Amma ɗorawar da ke tsakiyar gona da gawon da ke bakin rijiya ba su taɓa ɓoye ɗan bindiga ba, kuma rasa makiyaya da burtali yana cikin abin da ya hura wutar tun farko. Wani kuma zai ce rabon gado ne ya kawo haka. A'uzu billahi, rabon gado hukuncin Allah ne. Sai dai sanin rabon kowa bai wajabta a sare abin da ke cikin gonar ba, kuma magada na iya yarda su ci gaba da noma ta tare bayan kowa ya san nasa, kamar yadda ake gandu a da.

ABIN DA ZA A IYA

Saurar shekara goma ba za ta dawo ba, ƙasar ba ta isa. Amma aikin da saura ke yi ana iya shigo da shi cikin gonar da ake nomawa, kuma 'yan uwanmu Hausawa na ƙasar Maraɗi sun gwada. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun fi namu zama tsirara. Wani masanin noma ɗan Ostireliya mai aikin mishan, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da manoma ke sharewa duk shekara toho ne na tsofaffin kututture masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara abin da suke kira sassabin zamani: in ka zo sharar gona, ka zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar a kan kututture, ka rage sauran, ka riƙa yi masa aski yana miƙewa. Ba sayen iri, ba ban ruwa. Abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, musamman da hukuma ta sassauta har manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. Masu bincike sun ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Cewa wanda ya fara jan hankali ba Musulmi ba ne bai rage komai ba, hikima kayan mumini ce duk inda ya tsince ta, kuma ilimin barin kututture na kakanninmu ne tun asali.

Ka dubi gawo kaɗai. Da damina, lokacin da gero ke son rana, shi yake zubar da ganye ya zama taki. Da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci, sai ya yi kore ya zubo 'ya'ya. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Wanda ya ga wannan bai ce Subhanallah ba, me zai gani ya ce?

Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma muna fata masu riƙe da shi su ji tsoron Allah su yi aikin. Amma kada mu zauna jira. Manomi, bana in ka zo shara ka bar toho ko goma a gonarka. Mai unguwa da hakimi da liman, ku zauna da jama'a ku fitar da hurumin gari da burtali, ku sa musu alama, ku yi dokar da za ta fara hawa kan mai ƙarfi. Mai hali a birni, ka koma gas ko murhu mai tsimin itace, in kuma za ka yi sadaka ka saya wa wata gwauruwa irinsa. Mawadaci, in ka ji maƙwabcinka zai sayar da ɗorawa saboda aure ko asibiti, ka ba shi rance ko kyauta, ɗorawar ta tsaya. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi, kuma ina kyautata zaton wanda ya raini toho har ya zama itace ba zai rasa rabo a ciki ba.

Ni kuma ga nawa. Fatawar da na ba dattijon nan ba zan canza hukuncinta ba, cinikin halal ne. Abin da na gaza shi ne na amsa abin da ya tambaya ban dubi abin da ya kawo shi ba. Da na ce masa, Baba, sayar da marke ka bar ɗorawa, a sare a gwiwa kada a tone, da wani abu ya rage. Da na tashi bayan Isha'i na ce jama'a ga ɗan'uwanku zai aurar da ɗiya, da watakila an haɗa masa abin da masu gawayi suka ba shi, don ba wani kuɗin kirki ba ne. Ban yi ba, ina neman gafarar Allah. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai masu amsa tambayoyi, in an zo muku da irin wannan, ku faɗi hukunci, sannan ku tambayi mutum me ya matsa masa.

Jiya na kira ɗan dattijon a waya na karanta masa wannan don ya isar. Ya ce a gefen kwarin akwai kututturen kirya guda da ke toho duk shekara suna sharewa. Na roƙe shi bana su bar shi, su kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ya ce in sha Allahu.

Allah ya gafarta mana abin da muka ɓata da saninmu da wanda muka ɓata ba mu sani ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wanda ya san wani ƙauye a ƙasar Gwandu ko Argungu ko Yauri ko Zuru da har yanzu ke tsare huruminsa, ya faɗa mana yadda suke yi, mu ƙaru.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.